Baƙin Layi a Kan Sunan Isuhu

Na san kun sha jin maganar nan a bakin mutane, wasu cikin raha, wasu da gaske, wai ubanku ya taɓa riƙe injin da ke faɗin wanda zai mutu. 'Yar'uwarku Hadiza ta ce mani har a gidan mijinta an tambaye ta. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, saboda duk sanda na ɗauko shi sai in iske akwai wurin da nake son tsallakewa. Yanzu da ƙafa ta hana ni yawo, gara in rubuta shi ba tsallake, ku ji shi daga wurina.

A lokacin ina akawu a wani ƙaramin ofis cikin Faskari, inda jama'a ke kawo koke a rubuce. Muna da injin fotokwafi guda ɗaya, babba, launin toka, a kusa da taga, kuma ni kaɗai ke taɓa shi. Hanya biyu ake aiki da shi. Ko dai ka ɗaga murfi ka shimfiɗa takarda bisa babban gilashi, ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ka jera takardun a bakin sama, shi da kansa ya riƙa jan su yana haɗiyewa yana fitarwa. Bakin saman ya fi sauri, shi ya sa da shi nake aiki. Shekarar kuwa aiki ya yi yawa, don ita ce shekarar da mutanen daji suka matsa wa ƙauyukanmu. Masu unguwanni sukan zo da jerin sunayen waɗanda aka ɗauke masu, an rubuta da biro a takardar da aka yago daga littafin makaranta, kowane jeri kuma ana son kwafinsa da yawa don a kai wurare daban-daban. Wani lokaci takardar takan zo da danshin zufa, don a aljihun gaba aka ɗauko ta tun daga ƙauye.

A farkon damina layin ya fara fitowa. Baƙi ne, siriri, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula, daga wannan gefen takarda zuwa wancan, kuma kullum a wuri ɗaya: taƙin hannu ɗaya da yatsa biyu daga sama. In wasiƙa ce, sai ya ratsa wata jimla, ba wanda ya damu. Amma in jerin sunaye ne, sai ya bi ta kan suna ɗaya tun daga farkonsa har ƙarshensa, kamar yadda malami ke soke sunan ɗalibin da ya bar makaranta. Na farko da ya faɗa wa shi ne wani Garba mai tireda, daga wani ƙauye can gaban Daudawa. Bayan kwana uku aka tsinci gawarsa a bakin rafi. Masinjanmu, Baba Ɗanjuma, dattijo ne marar yawan magana, shi ya ɗauko kwafin daga cikin fayil ya aje gabana, ya ɗora yatsa bisa sunan, ya dube ni. Na ce mashi dacewa ce kawai. Ya ɗauke takardar ya mayar cikin fayil. Mako na gaba layin ya faɗa wa sunan wata mata, kuma ba a jima ba wani da aka sako ya zo da labarin ciwo ya kashe ta a daji. Daga nan magana ta fita. Sau nawa layin ya faɗa tsakanin suna da suna, ko kan farar takarda, ba wanda ya riƙe wannan. Biyun nan kaɗai aka riƙe.

Ofishin ya canza. Da, masu jira sukan cika bencin baranda da hira da gardama. Yanzu da na danna injin sai kowa ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ƙarar robobin da ke jan takarda, da wani haske fari-fari da ke leƙowa ta ƙarƙashin murfi ya kwanta a bango. Mutum zai amshi kwafinsa bai duba ba, ya riƙe shi a kife har sai ya fita waje. Abokan aikina masu ilimin boko, waɗanda ke dariyar zancen a baki, suka koma roƙona in riƙa sa masu takardunsu bisa gilashi. Ni kaina, in na buɗe ofis da safe na iske injin a lulluɓe da ƙyallensa, sai in ji kamar na iske wani zaune yana jirana.

Duk da haka ni ma'aikaci ne, na san inji inji ne. Na ciro kwalin hodar tawada na girgiza na mayar. Na goge babban gilashin har yana ƙyalli. Na jiƙa tsumma na wanke robobin da ke jan takarda. Layin bai gusa ba ko da faɗin gashi. Sai na kira Injiniya Bala, mai gyaran da ke zuwa mana daga Funtuwa. Ya ce in yi haƙuri, shi kam ba zai hau hanyar nan ba a wannan yanayi, amma in tsaya gaban injin mu yi ta waya. Ya sa na ɗauki farar takarda wadda ba rubutu na shimfiɗa bisa gilashi. Ta fito fes. Ya ce in sa ita wannan takardar a bakin sama. Ta fito da layi. Ya yi 'yar dariya, ya ce ai ba hoda ba ce, ba kuma cikin injin ba ne.

"Malam Sani, ɗaga murfin ka duba hannun hagu. Akwai wani siririn gilashi ban da babban, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. In takarda ta biyo ta sama, fitilar ƙarƙashinsa take tsayawa, takardar ce ke wucewa. Ko ɗigo ɗaya ya zauna a kai, sai ya ja shi tun daga farko har ƙarshe. Goge shi, shi ke nan."

Shekara da shekaru ina aiki da injin ban taɓa kula da wannan gilashin ba. Na sunkuya, na haska da fitilar waya, sai ga shi: ɗan ɗigo fari, bai kai ƙwayar gero ba, na ruwan nan da muke shafawa mu rufe kuskure a takarda. Wani ya kawo wasiƙa bai bari ta bushe ba, ni kuma na sa ta. Na ɗauko kwafi ɗaya na gwada shi da wurin, layin ya zauna daidai kan ɗigon. Na naɗe tsumma a yatsa, na kai hannu. Sai na tsaya.

A nan ne wurin da nake son tsallakewa. Kwana goma kafin wannan rana, an ɗauke ƙanena Habu, babanku ƙarami, a gonarsa ta hanyar Ruwan Godiya. Ku manyan kun tuna shi, mai ɗingishi da ƙafar hagu, wanda ke kawo maku rake. Sunansa na cikin jerin unguwarmu, na huɗu daga sama. Kuma tun ranar da jerin ya shigo hannuna, kowace safiya kafin kowa ya zo, nakan sa shi a bakin sama in tsaya ina kallo. Kullum layin yakan wuce ƙasa da sunan Habu, ya faɗa wani fili da mai unguwa ya bari. In na ga haka sai numfashina ya dawo, in iya yin aikin ranar. Ga shi yanzu na ga ɗigon da idona, na san datti ne, na san takarda ɗaya in ka sa ta sau dubu wuri ɗaya layin zai faɗa. Amma hannuna ya ƙi. Abin da ya zo mani a rai shi ne, in na goge, gobe da safe wa zai ce mani Habu na da rai? Na sauke murfin, na kira Injiniya na ce mashi an dace, na gode.

Da yamma bayan la'asar na faɗa wa mahaifiyarku, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta aje rariyar ta dube ni.

"Malam, ka goge abin nan gobe. Kai ka san datti ne, su ba su sani ba. Mutane na shigowa da tsoron Allah suna fita da tsoron inji, kana tsaye kana kallo."

Ashe Inna, kakarku, tana jinmu daga ƙofar ɗakinta. Tun da aka ɗauke Habu ba ta cika magana ba, sai dai kullum in na dawo ta tambaye ni da ido, ni kuma in girgiza kai alamar layin bai taɓa shi ba. Ranar ta yi magana.

"Kada ka taɓa shi, Sani. Ko datti ne, wa ya aje shi a wurin? Ka bar shi yadda yake sai yaron nan ya dawo."

Mahaifiyarku ba ta musu da Inna. Amma ta ɗauki kwanaki tana aje mani abinci ba ta zama kusa. Ni kuwa na samu abin fakewa: uwata ta hana. Ku sani ba gaskiya ba ne. Tun kafin Inna ta buɗe baki na riga na yanke.

Kwana bakwai bayan haka wata tsohuwa ta zo. Ta ce sunanta Kande, daga wata 'yar unguwa kusa da Damari, can ƙasar Sabuwa. Mota biyu ta hau kafin ta iso, ita kaɗai, da takardar jerin unguwarsu ƙulle a bakin zane. Ɗanta Isuhu, shi ke nan gare ta, an ɗauke shi wajen wata biyu da suka wuce, ba labari. Ba kwafi take so don ta kai wani wuri ba. Ta ji an ce akwai inji a Faskari. Na amshi takardar na warware, kuma kafin in kai ta ga injin idona ya riga ya auna. Taƙi ɗaya da yatsa biyu. Isuhu Mamman, rubutun biro shuɗi, daidai wurin. Na ɗaga murfi zan shimfiɗa ta bisa gilashi, sai ta ɗaga hannu.

"A'a, ɗana. Ta sama aka ce mani."

Na ce mata, Iya, wannan layin datti ne kawai, ba ya nufin komai. Na faɗa, Allah ne shaida, amma da irin muryar da ake lallashin marar lafiya, kuma ban buɗe murfin na nuna mata ba. Ta ce ta ji, in dai sa mata. Baranda cike da mutane, duk sun miƙo wuya. Na yi tunanin in juya takardar ƙasa ta koma sama, sai na ga layin zai faɗa wa ɗan wani. Tsumman yana nan bisa teburina, taku ɗaya. Ban ɗauka ba. Na jera takardar, na danna. Robobin suka ja ta, hasken ya kwanta a bango, kwafin ya fito da ɗuminsa. Ba ta iya karatu ba, sai ta miƙa wa Baba Ɗanjuma ta ce ya faɗa mata sunan da aka soke. Ya dube ni, na kau da kai. Ya faɗa mata a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta yi salati, ta ninke takardar sau huɗu ta ƙulle a bakin zane, ta yi mani godiya, har da addu'ar Allah ya raya mani zuri'a. Na bi ta da kallo ta taga har ta sha kwana, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu cike.

Bayan kwana goma sha biyu mai unguwarsu ya zo da wani sabon jeri, shi ya ba ni labari. Da ta koma ta tara mutane ta ce Isuhu ya rasu, ta gani a takarda. Liman ya ce a dakata, ta ce ita ta haife shi, ta sani. Aka yi addu'a, aka raba sadaka, matarsa ta shiga takaba. Daga nan tsohuwar ta shiga ɗaki ta kwanta. Ba ciwo, ba zazzaɓi, abinci kawai ta daina amsa. Rana ta tara aka iske ta ta cika, takardar na ƙarƙashin matashinta.

Ko fita mai unguwar bai yi ba na ɗaga murfin, na sa farce na kankare ɗigon. Bai ɗauke ni ƙiftawar ido biyu ba. Ya fita kamar ɓawon gyaɗa, na hure shi ya faɗi ƙasa ban ma ga inda ya faɗa ba. Na sa jerinsa a bakin sama, ya fito fes, kowane suna a tsaye. Na kira mutanen baranda na nuna masu gilashin, na yi masu bayani. Wasu suka gyaɗa kai. Wasu suka ce aljanin ne ya tashi. Wasu suka ce manya ne suka sa na rufe bakin injin. Inna ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Ni kuma da safe nakan sa jerin unguwarmu, ya fito fari tas, ba layi sama, ba layi ƙasa, in tsaya ina kallonsa ban san mi nake nema ba.

Damina ta wuce, aka yi girbin abin da aka samu aka girbe. Wata Alhamis da azahar, abokan aiki sun tafi masallaci, ni na tsaya in ida wasu takardu, sai na ji haske ya ragu a ɗakin. Na ɗaga kai, mutum ne tsaye a bakin ƙofa. Ban ji takunsa ba, don ba takalmi a ƙafarsa. Dogo ne, ya rame har rigar na rataye a kafaɗunsa kamar a jikin ƙusa, idanunsa sun faɗa ciki. Ya yi sallama da wata murya ƙasa-ƙasa. Ya tako har gaban teburina, ya ciro takarda daga aljihu, ta sha ninki har ta fara rabuwa, ya warware ta a hankali ya aje. Na gane ta kafin ya ida warwarewa. Ya ɗora yatsa bisa layin.

"Ni ne wannan."

Na dubi ƙafafunsa, na ga sun yi kaushi sun tsage, da ƙura a kai, sai na san mai rai ne. Ya ce kwana shida ke nan da ya kuɓuto. Ya isa gida ya iske an yi sadakarsa, matarsa ta ga shigowarsa ta faɗi sumamma, yaran unguwa suna gudu in sun hango shi, ɗakin uwarsa a rufe. Bai zo faɗa ba, in ji shi. So yake ya ga abin da ya kashe shi.

Na tashi na ɗaga murfin na nuna mashi siririn gilashin. Na faɗa mashi komai, ɗigon, da wayar Injiniya, da tsumman da ke bisa tebur ranar da uwarsa ta zo. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon gilashin, har ya shafa shi da yatsa. Sannan ya tambaye ni kwana nawa na yi da sanin datti ne kafin ta zo. Na ce bakwai. Ya tambaye ni mi ya hana ni gogewa. Sai na ba shi labarin Habu, da jerin unguwarmu, da abin da nake yi kowace safiya. Ina cikin magana na ga fuskarsa ta canza. Ya ce Habu wane, mai ɗingishi, wanda aka kamo a hanyar Ruwan Godiya? Na ce shi. Ya nemi kujera ya zauna, karo na farko tun shigowarsa.

"Wuri ɗaya aka tsare mu. Da ciwo ya iso, tafiyar ta fi ƙarfin ƙafarsa. Kwana uku ya yi. Ni da wani bawan Allah muka roƙa aka bar mu muka yi mashi sutura, ni na yi mashi wanka. Ya ce yana da wa akawu a Faskari. Ban san kai ba ne."

Kwana uku. Ke nan tun kafin in kira Injiniya, tun kafin in ga ɗigon, Habu na cikin ƙasa. Duk safiyoyin nan da nake tsaye ina sauke numfashi don layin ya wuce shi, sunan mamaci nake kallo. Na zauna a ƙasa, nan gindin injin, a gaban mutumin da ya wanke mani ƙane, ni kuma na aika uwarsa kabari. Har masu salla suka dawo suka iske mu haka.

Da na faɗa wa Inna, na zaci za ta faɗi. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta tambaye ni ko an yi mashi salla, na ce an yi. Ta tambayi wa ya wanke shi, na faɗa mata, na kuma faɗa mata ko ɗan wane ne. Ta ce in nemo mota, gobe za ta Damari. Na ce hanya ba kyau, ta ce tsohuwar da ta zo wurina ita kaɗai ai ta wannan hanyar ta biyo. Muka je tare da mahaifiyarku. Inna ta sa aka buɗe mata ɗakin marigayiyar, ta zauna bisa tabarmarta, ta sa aka kira Isuhu. Ta kama hannuwansa biyu ta riƙe, ta daɗe tana dubansu, ta ce waɗannan ne suka taɓa Habu a ƙarshe. Daga ranar take kiransa ɗanta, shi kuma yake ce mata Inna, har ta koma ga Allah. Ni kuwa ban ƙara shekara a ofishin ba, na nemi a sallame ni kafin lokacina, don duk sanda na jera takarda a bakin sama sai idona ya auna taƙi ɗaya da yatsa biyu.

Shi ne Baba Isuhun da ke zuwa mana duk salla da buhun masara, wanda kuka taso kuna zaton ɗan'uwanmu ne na jini. Shekarun nan duka muna cin abinci kwano ɗaya ni da shi, muna hirar gona da ruwan sama. Bai taɓa ce mani ya yafe ba, ni kuma ban taɓa samun bakin tambaya ba. In ya zo bayan ba ni, ku tashi ku ba shi wurin zamana.